Yadda na shiga aikin kwana-kwana

Ranar da Babbar Kasuwar Sakkwato ta kama da wuta a watan Janairun 2021, ina cikin waɗanda suka yi wa 'yan kwana-kwana ihu. Ban ɗauki dutse ba, amma na ɗaga murya har ta dishe. Rumfar takalman Baba tana wani layi can ciki, muna hango baƙin hayaƙi yana tunkarar wajen, mota ta fesa ruwa na ɗan lokaci, sai mesa ta saki jiki ta kwanta a ƙasa. Wani ya ce, "Sun zo babu ruwa!" Kafin ƙiftawar ido maganar ta zagaye taron, ni ma na karɓa ina maimaitawa. Da aka bar mu muka shiga, babu abin da ya rage a rumfar sai ƙofar ƙarfe da ta lanƙwashe da warin ƙonanniyar roba.

Bayan kwana uku Kawu, yayan Inna, ya taso daga Wurno ya zo jaje. Tsohon direban motar kashe gobara ne na jiha, ya ajiye aiki tun ina firamare, kuma ba ya cika ba da labarin aikin ba. Muna zaune a zaure ina ta faɗin abin da ya zo bakina game da mutanensu. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, ka san lita nawa mota taka ɗauka?" Na ce ban sani ba. Ya sa yatsa a ƙasa ya fara zane. Ya ce a ƙaddara tanki na cin lita 5,000. Mesa guda idan aka buɗe ta sosai tana iya zubar da lita 500 a minti ɗaya. Ya ce in lissafa. Minti goma ke nan, in mesa biyu aka shimfiɗa, biyar.

"Da ruwansu sunka zo," in ji shi. "Ƙarewa yay yi. Kuma hanyad da za su bi su ɗebo wani, ku kunka tsaya cikinta."

Daren nan ban yi barci sosai ba. Na tuna yadda motar ta yi ta ƙaho tana neman juyawa, mu kuma mun cika titi da babura da amalanke, kowa na ƙoƙarin fitar da kayansa. Daga wannan zaman ne na fara zuwa Wurno duk ƙarshen mako ina tambayar Kawu, shi kuma bakinsa ya buɗe. A lokacin ina da diflomata daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, babu aiki, ina taya Baba tayar da kasuwa daga bashi. Da na faɗa wa Inna abin da ke raina, sai ta ajiye tsintsiya ta dube ni ta ce, "Kowa na gudun wuta, kai ko ita kaka nema?" Baba bai ce komai ba sai, "Allah shi zaɓa abin da yaf fi alheri."

Ƙofa biyu ce. Akwai hukumar kashe gobara ta jiha, wadda ke ɗaukar ma'aikata idan gwamnatin jiha ta ba da izini, akwai kuma ta tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Ita ta tarayya ba kai tsaye take ɗauka ba. Akwai hukuma guda, CDCFIB, da ke kula da ɗaukar aikin Sibil Difens da gidajen gyaran hali da kashe gobara da shige da fice, ita ke fitar da sanarwa ta buɗe shafi a intanet. Wannan na sa wa ido. Sharuɗɗan a rubuce suke cikin sanarwar: ka zama ɗan Najeriya, kada ka gaza shekara 18, tsawon namiji kada ya gaza mita 1.65, mace 1.60, kewayen ƙirjin namiji mita 0.87, ba ka taɓa zaman kaso bisa hukuncin kotu ba, kuma likitan asibitin gwamnati ya shaida lafiyarka. Mai digiri ko babbar difloma yana da rukuninsa, mu masu ƙaramar difloma da NCE muna rukunin sufetoci, mai takardar sakandare yana rukunin mataimaka.

Tun ba a buɗe shafin ba Kawu ya ce in baje takarduna a tabarma in karanta su harafi bayan harafi. Nan na ga sunan mahaifina an rubuta shi iri biyu, na WAEC daban, na katin ɗan ƙasa daban, kuma shekarar haihuwata ta bambanta da shekara ɗaya tsakanin takardar haihuwa da lambar NIN. Laifina ne, domin ranar da aka yi mini rajista ban duba abin da aka buga ba, na karɓi takarda na tafi. Gyaran wannan ya ci mini fiye da wata uku: rantsuwa a kotu, neman gyara, komawa a duba, a ce in dawo. Sai takardar shaidar ƙaramar hukuma, sai hotuna, sai asibiti. Na san mutum biyu da suka ci jarrabawa aka mayar da su gida ranar tantancewa saboda irin wannan saɓanin, kuma dukansu sun fi ni ƙarfi da karatu.

Abu na biyu da Kawu ya ɗora mini shi ne gudu. Ina idar da sallar asuba nake fita daga Mabera, in zagaya ta wajen filin wasa na Giginya in dawo kafin rana ta ɗaga. Wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu ya san dalilin da ba a wuce ƙarfe bakwai ana wannan. Da yamma kuma in ɗauki jarka biyu mai lita 25 cike da ruwa, ɗaya a kowane hannu, in kai ƙarshen layinmu in dawo. Ya ce kayan aikin ba nauyinsu ne matsala ba, daɗewar da za ka yi ɗauke da su ce.

Da aka buɗe shafin, cika shi bai ɗauke ni awa ɗaya ba a shagon kwamfuta. Kuɗin mai shago kawai na biya, domin neman aikin kyauta ne, kuma sanarwar kanta ta faɗi haka. Amma a satin nan wani mutum ya fara zuwa teburin mai shayin unguwarmu cikin manyan kaya, yana cewa yana da gurabe a hannu, wanda ya shirya ya kawo dubu ɗari uku. Abokina na ƙuruciya, wanda muka cika takarda rana ɗaya, ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi ya ba shi. An kawo masa takarda mai tambari da sa hannu, har gidansu aka yi murna. Takardar bogi ce, mutumin kuma ya kashe waya. Har yau in na tuna fuskar mahaifiyarsa sai zuciyata ta yi nauyi. Ni ma ba wayo ne ya hana ni ba, gobarar kasuwa ba ta bar mana abin sayarwa ba, kuma Kawu ya riga ya rantse cewa in na ba wani ko kwabo kada in sake taka gidansa.

Sai jira. Watanni suka wuce shiru, kullum jita-jita a WhatsApp, yau a ce sunaye sun fito, gobe a ce ƙarya ne. Na koyi shiga shafin hukumar da kaina in duba da lambata maimakon sauraren kowa. Da sunana ya fito aka kira mu jarrabawar kwamfuta: Turanci, ɗan lissafi, da tambayoyi kan ƙasa da kan aikin. Na riga na haddace cewa aikin kashe gobara a Najeriya ya faro a Legas a 1901 a matsayin wani sashe na 'yan sanda, kuma dokar da ta kafa hukumar tarayya ta 1963 ce. Abin da ya fi kayar da mutane ba wuyar tambaya ba ne, agogon da ke gudu a kusurwar allo ne da rashin sabo da linzamin kwamfuta. Bayan wasu watanni aka yi tantancewa. An auna tsawo da ƙirji, an duba ƙafa ko gwame ce ko gwiwoyi na gogar juna, an duba ido, an bi takardu na asali ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin ranar da na cika takarda da ranar da na riƙe takardar ɗaukar aiki a hannuna, an haura shekara. Inna ta karɓe ta da hannu biyu duk da ba ta karatun boko, ta yi kuka, ta ce, "To, Allah shi tsare min kai."

Horo a Sheda aka ba mu, inda makarantar kashe gobara ta ƙasa take, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja bayan an wuce Gwagwalada. Mun bi ta Gusau da Funtuwa da Zariya da Kaduna, ranar farko ke nan da na yi nisa da gida haka. An yi mana aski tal, aka raba kaki da takalma, aka fara fareti tun duhun asuba. Makonnin farko babu wanda ya ga wuta. Naɗe mesa muke yi mu warware, mu haɗa bakinta da na wata cikin gudu, mu kafa tsani mutum huɗu da murya ɗaya, mu ƙulla igiya iri-iri har sai hannu ya iya ido a rufe. Na yi mamakin yadda mesa mai cike da ruwa ke tura mutum baya kamar ingarman doki, shi ya sa ake tsayawa mutum biyu, na baya ya tokare na gaba. Akwai mata a cikinmu, kuma wata daga cikinsu ta fi duk rukuninmu saurin haɗa mesa.

A aji aka koya mana cewa wuta tana tsaye ne kan ƙafa uku kamar murhu: zafi, abin da za ta ci, da iska. Ka cire ɗaya ta mutu. Ruwa zafi yake cirewa, shi ya sa yake aiki kan katako da tufafi da katifa. Amma fetur ya fi ruwa rashin nauyi, in ka watsa masa ruwa sai ya hau kansa ya bi shi duk inda ya gangara yana ci, don haka kumfa ake shimfiɗa masa ta raba shi da iska. Wutar lantarki kuwa ba a kusantar ta da ruwa sai an yanke layi, in ba haka ba ruwan ne zai kawo maka ita har hannu. Man girki da ya kama a kasko, murfi ake kifa masa a kashe murhun. Cokali ɗaya na ruwa a cikinsa yana iya tayar da harshen wuta har rufi. Na zauna ina rubutawa ina tuna sau nawa na ga an yi akasin haka a unguwarmu, da kyakkyawar niyya.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne ɗakin hayaƙi. Ana goya maka tukunyar iska a baya, a rufe fuskarka da takunkumi mai gilashi, ku shiga biyu-biyu. Iskar tukunyar takan kai kamar rabin awa ko fiye kaɗan, amma wanda ya tsorata yana huci zai shanye ta da wuri, kuma idan ta kusa ƙarewa akwai usur da ke kaɗawa, ma'ana ka fita yanzu. Ciki babu abin da ake gani, ko tafin hannunka. A durƙushe ake tafiya domin zafi da hayaƙi sama suke taruwa, hannu ɗaya a bango kada ka sake shi, ana laluben gaba da bayan hannu ba da tafi ba, saboda in ka taɓa wayar lantarki da tafi yatsu damƙewa suke yi. Shigata ta farko ban yi minti biyu ba ƙirjina ya cushe. Na ji kamar an binne ni da rai, hannuna ya kai ga takunkumin zan fizge shi. Abokin shigata, wani yaro ɗan Binuwai, ya riƙe mini wuyan hannu ya bubbuga kafaɗata sau biyu. Na tsaya na karanta Hasbunallahu a zuci, na ƙirga numfashi har goma, muka ci gaba muka jawo mutum-mutumin da aka ɓoye ƙarƙashin gado. Da muka fito malaminmu ya ce da hayaƙin gaske ne na cire takunkumin, numfashi kaɗan ya isa. Ya ce yawancin waɗanda gobara ke kashewa a gidaje hayaƙi ne ke gamawa da su tun harshen wuta bai iso ba, domin akwai guba a cikinsa marar launi marar wari da ke kwantar da mutum cikin barci. Na sake shiga ɗakin nan sau da yawa kafin mu gama wata shidan. Tsoron bai tafi ba, na dai san inda zan ajiye shi.

Allah ya sa aka turo ni gida. Kiran farko da na fita ba ma gobara ba ce, rijiya ce a wata unguwa ta bayan gari. Akuya ta faɗa tsohuwar rijiya, wani saurayi ya ɗaura igiya ya sauka ya ɗauko ta, aka ji shiru. Muna isa muka tarar ƙaninsa ya tuɓe riga zai bi shi, mutane na riƙe masa igiya. Ogana ya cafke shi da hannu biyu. Ƙasan tsohuwar rijiya sau da yawa babu iskar shaƙa, shi ya sa na biyu da na uku kan bi na farko su ma su tafi. Babban cikinmu ne ya sauka da tukunyar iska, ni ina kan igiya. An fito da saurayin da sauran numfashi, aka garzaya da shi asibiti, daga baya muka ji ya tashi. Kwana biyu tafin hannuna yana zogi saboda riƙon igiyar, ban ma san na matse ta haka ba.

Da hunturu ya shigo sai na gane dalilin da tsofaffin ma'aikata ke kwana da takalmi a gefen katifa. Daga Disamba zuwa Fabrairu komai a bushe yake, iska na kaɗawa, mutane na shiga ɗaki da kaskon garwashi, ana jona hita a bokiti a manta, ana kunna igiyar leƙo kusa da labule. A ɗauke wuta mutum ya bar dutsen guga a jone ya fita, a dawo da ita babu kowa a gida. Ga jarkokin 'yan bumburutu da ake ɓoyewa a ɗakunan kwana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinkirin kira. Sai an yi rabin awa ana fama da bokiti, wuta ta kama rufi, sannan wani ya tuna da mu. Wasu tsoro suke kada a ce su biya kuɗi, alhali ba a karɓar ko sisi. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kuma duk unguwar da muka je wayar da kai muna barin lambar ofishinmu wajen mai unguwa da liman. Muna kuma roƙon iyaye mata, wanda ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti ashirin a kai shi asibiti, a bar fasa ƙwai da shafa gishiri da man goge baki.

Wani dare wajen ƙarfe biyu aka kira mu cikin tsohon gari. Wanda ya san lungunan da ke kewayen Kanwuri ya san mota ba ta shiga ko'ina. Muka tsaya bakin titi muka haɗa mesa huɗu kafin mu kai ƙofar gidan. Ɗaki biyu sun riga sun kama, na uku akwai tsohuwa a ciki, in ji matan gidan. Ni da abokin aikina muka shiga a durƙushe, hannuna a bango. Ba a kan gado muka same ta ba, tana bayan ƙofa a zaune, ta rufe fuska da zane. Muka fito da ita tana tari tana salati. Ina miƙa ta ga 'ya'yanta na ji mesa ta yi laushi a ƙasa, tanki ya ƙare, kuma na ji muryar wani yaro daga cikin taron yana faɗin maganar nan da na sani. Ban ji haushinsa ba. Na cire takunkumi na je wajensa na ce, "Ƙanena, tara abokanka ku janye baburan can, motar ruwa na tahe." Ya dube ni kamar zai yi gardama, sai ya juya ya kira su. Cikin minti kaɗan suka buɗe hanya, motar 'yan'uwanmu na jiha ta shigo da baya har bakin lungu, muka jona. Ɗakuna biyun sun tafi, amma wutar ba ta tsallaka katangar maƙwabta ba.

Sai da aka yi kiran assalatu muka bar wurin. Ba ofis muka nufa ba, wajen ɗibar ruwa muka fara zuwa, domin doka ce mota ba ta kwana da tanki a bushe tunda ba a san mintin da za a sake kira ba. Muka wanke mesa muka shanya, muka canza tukwanen iska, sannan na yi alwala da hannuwa masu warin hayaƙi. Da gari ya waye na kira Wurno, na ba Kawu labari tun daga kiran har fitowar tsohuwar. Yana ta saurare bai katse ni ba. Da na gama ya yi gyaran murya.

"Kun cika tanki?"

Na ce, "Mun cika, Kawu."

Ya ce, "Madalla. Tahi ka kwanta."